Uwar Kasko

Ranar Talata na sauka daga motar Kano
da kwali mai huji-huji a kan cinyata.
’Yan tsaki hamsin, kwanansu ɗaya a duniya,
ba su yi shiru ba tun daga Gezawa har Ringim.

Inna Sabuwa ta leƙa, ta taɓe baki:
“Wace kaza ce ta ƙyanƙyashe wannan runduna?”
Na ce inji ne.
Ta ce, “To injin ya zo ya rufe su da fiffike.”

Na share ɗakin da muke ajiye gyaɗa,
na ɗinke kwalayen taliya na yi musu katanga,
na shimfiɗa ɓuntun shinkafa, tsohuwar jarida a sama,
kasko kan bulo uku, garwashi a ciki,
fitilar ƙwai a rataye,
don wutar lantarki baƙuwa ce a unguwarmu,
takan gaisa ta wuce, ba ta kwana.
Ruwan sukari na fara ba su,
ina tsoma bakinsu ɗaya bayan ɗaya
har gwiwata ta yi tsami.

Ɗanliti mai maganin dabbobi ya ce mini:
“Kar ka sayi ma’aunin zafi, su ne ma’auninka.
In sun dunƙule kan juna, sanyi suke ji.
In sun manne da bango suna haki, rage wuta.
In sun bazu kamar shanyar gero, je ka kwanta.”
Sun bazu.
Ban kwanta ba.

A kwana na uku biyu suka tafi.
Ɗaya ta faɗa kwanon ruwa,
ɗaya ’yan’uwanta suka danne ta a lungu.
Na zuba tsakuwa a kwanon,
na zauna ina raba kuɗin adashen wata shida
gida arba’in da takwas.

Daren takwas hadari ya haɗo daga gabas.
Na wuni ina noman firi a gonar dawa,
na ce bari in miƙe bayana kaɗan.
Da na farka, kukan kwaɗi kawai nake ji.
Na kasa kunne. Babu tsiyu, ko ɗaya.
Na fita ba takalmi, taɓo har idon sawu,
ina ƙirga asara tun kafin in isa ƙofa.

Sai ga haske ta ƙasan kyaure.

Inna ce a tsugune, mafici a hannu,
ta kwaso garwashi daga murhunta,
ta tara roba inda rufi ke yoyo.
A ƙirjinta, cikin zani, wani abu na motsi:
guda uku da ruwa ya jiƙa,
kawunansu kaɗai a waje.
Sauran sun kewaye kaskon, barci suke.

Ba ta ɗago ba.
“Rufe ƙofa, iska na shigowa.
Wanda ya ɗauko marayu
ba ya barcin mai gona.”

Muka zauna har kiran sallar farko,
ita tana fifita, ni ina ƙara gawayi.
Cikin ukun, biyu suka miƙe da hantsi.

Yanzu sati huɗu ke nan.
Gashi ya fito, wuya ya yi tsawo,
sun sha rigakafinsu na biyu, suna cin buhu kamar gara.
Kasko ya koma tuyar ƙosai.
Arba’in da bakwai nake da su,
amma in mai saye ya zo daga kasuwar Laraba
arba’in da shida zan ƙirga masa.
Mai karkatacciyar ƙafar nan ta Inna ce,
ita ta faɗa, ban yi musu ba.

Har yau takan ce inji ba uwa ba ne,
tana nuna mini wake-waken kazarta
da ke ratsa tsakar gida da ’ya’ya bakwai,
ba gawayi, ba kananzir.
Sai ta juya ta tambaye ni
ko na canza musu ruwa.